Kada Ku Ƙarar Da Ƙarfinku Tun A Bakin Gari

Ƙannena maza da mata,

A ƙarshen watan Agusta, da yammacin wata Juma'a, mutum fiye da 2,300 sukan taru a dandalin da ke gaban cocin garin Chamonix na ƙasar Faransa, kowa da lambarsa a gaba da 'yar jakarsa a baya. Wajen ƙarfe shida sai a sake su. Aikin da ke gabansu shi ne su zagaye Mont Blanc, dutsen da ya fi kowanne tsayi a jerin duwatsun Alps, su faɗa Italiya, su ratsa Suwizalan, su komo inda suka tashi. Tafiyar kilomita 170 ce da 'yan kai, wato kusan nisan Kano zuwa Katsina, sai dai babu kwalta: 'yar siririyar hanya ce ta makiyaya da fatake na dā, cikin daji da tsakuwa da gefen kwazazzabai. In aka tara hawan da ke cikinta yakan kai mita 10,000, kuma duk abin da aka hau sai an sauko shi. Masu yawon buɗe ido da ke bin hanyar a ƙafa sukan yi mako guda ko kwana 10 suna tafe suna kwana a masaukai. Su kuwa 'yan tsere kimanin awa 46 da rabi aka ba su, dare da rana. Sunan tseren UTMB.

Wasu mata da miji, Catherine da Michel Poletti, su da abokansu suka fara shi a 2003. A wannan karo na farko mutum kimanin 700 suka fito, ruwa da sanyi suka tare su a kan duwatsu, 67 kacal suka kammala zagayen. Wani ɗan ƙasar Nefal, Dawa Sherpa, shi ya zo na ɗaya. Har yau, duk da ingancin kaya da tsananin tantancewa kafin a karɓi mutum, kashi ɗaya cikin uku na masu tashi, ko fiye, ba sa ganin ƙarshen hanya.

Na san yawancinku ba za ku taɓa taka wannan hanya ba, kuma ban ce dole ku taka ba. Abin da ya sa na kawo muku zancenta shi ne ban san wani wuri da ake ganin sakamakon ɗoki ƙarara, cikin kwana biyu, kamar nan ba. A rayuwa sai a yi shekara goma kafin a gane cewa tun ranar farko mutum ya ɓata tafiyarsa. A zagayen Mont Blanc kuwa, wanda ya yi ganganci da yammacin Juma'a, kafin hantsin Asabar an gan shi zaune a gefen hanya ya dafe kai.

Ga yadda abin yake faruwa. Kilomita takwas na farko, daga Chamonix zuwa Les Houches, hanya ce mai sauƙi a gefen kogi. Jama'a sun cika titi maƙil, ana kiɗa, ana kaɗa ƙararrawar shanu, yara na miƙo hannu a tafa. Jikin ɗan tsere ya huta na makonni, ya ƙoshi, zuciya na tsalle. Ba ya jin yana gudu fiye da kima, domin kowa na gefensa haka yake gudu. Sai a hau tudu na farko, a gangaro garin Saint-Gervais a kilomita na 21, a tarar da gari ya zama kamar ranar biki. Wanda bai riƙe kansa ba, a wannan gangara yake fara cin bashin da cinyoyinsa za su biya gobe. Ko kashi ɗaya cikin takwas na tafiyar bai yi ba.

A 2016 wani Ba'amurke mai suna Zach Miller, wanda aka sani da fita da dukkan ƙarfinsa tun daga tashi, ya ja gaba. Ya kwana yana gaba, ya ratsa Italiya yana gaba, ya shiga Suwizalan yana gaba. A can baya kuwa akwai wani Bafaranshe ɗan shekara 41, Ludovic Pommeret, wanda cikinsa ya ɓaci tun da wuri. Da aka kai zangon Les Chapieux, wajen kilomita na 50, ya koma kusan na 50 a jeri. Mutumin da aka zata zai yi takarar kambu yana tafiya da ƙafa cikin duhu, ana ta wuce shi. Bai ajiye lambarsa ba, bai kuma yi yunƙurin kamo waɗanda suka tsere masa ba. Ya rage tafiya har cikin ya lafa, ya soma cin abinci kaɗan-kaɗan, ƙarfi ya fara komowa. Da gari ya waye sai ya shiga tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfin Miller ya ƙare a kashi na ƙarshe na hanyar, ya zo na shida. Pommeret ya shigo Chamonix na ɗaya, cikin awa 22.

Ina girmama Miller, domin namiji ne da ba ya ɓoye abin da yake da shi, kuma ya sake dawowa ya gyara. Amma jiki yana da ƙa'idarsa, ba ya duban jarumtar kowa. Makamashin da ɗan Adam ke tafiya da shi iri biyu ne. Akwai sukarin da ke ajiye a hanta da tsoka, mai saurin ƙonewa amma ɗan kaɗan, wanda in an matsa wa jiki ba ya wuce awa biyu ko makamancin haka. Akwai kuma kitse, wanda ko siririn mutum yana da isasshe na kwanaki, amma sai ana tafiya a hankali jiki ke iya ɗibarsa sosai. Mai gudu da ƙarfi ƙaramar ajiyar yake ci. Daɗin daɗawa, idan ƙafafu suka ja jini da yawa, hanji yakan rasa nasa rabon, sai ciki ya ƙi karɓar abinci, tashin zuciya ya biyo baya. Ga ajiya ta ƙare, ga ba halin zuba wata. Da yawan waɗanda ke fita daga irin wannan tsere ciki ne ke fitar da su, alhali ƙafafunsu na da sauran tafiya.

To, ƙannena, wannan hali nake gani a cikinku, kuma yana damuna. An haɗa wa yaro jari, an kama masa shago. Watan farko ya narkar da rabin uwar kuɗin a fenti da fitilu da sabuwar waya, yana buɗewa tun asuba har sha biyun dare, yana ba kowa bashi don a ce yana da kirki. Wata na shida kanta ta zama wayam. Yarinya ta sami gurbin jami'a, makon farko ba ta barci, ta shiga kowace ƙungiya, ta sayi kowane littafi, kafin zangon karatu ya raba ta gaji da komai, lokacin jarrabawa kuwa tana kwance. Wani ya ɗauki hadda, ya ce shi shafi biyar zai riƙa yi a rana, ya raina abokinsa mai rabin shafi da bita. Bayan shekara uku ku je ku tambayi wanda ya sauke. Ba ragwanci ne ya kayar da waɗannan ba, ƙwazo gare su har ya yi yawa. Sun auna ƙarfinsu da yadda suke ji a ranar farko, ranar da kowa ke tafa musu, ba su auna shi da tsawon hanyar ba. Wayoyin hannunku kuma suna ƙara rura wutar, domin abin da ake nuna muku shi ne ranar buɗe shago da ranar karɓar kambu. Ba a ɗaukar hoton tsakiyar tafiya.

Wani abu da zai ba ku mamaki shi ne, a wannan tsere da ake kira na gudu, yawancin hawan da ƙafa ake yin sa. Hatta zakarun, in tudu ya miƙe, sukan zaro sanduna biyu su dogara, ko su dafa gwiwa su taka. Sun lissafa sun ga gudu a irin wannan wuri ɗan lokaci kaɗan yake ragewa, ƙarfin da yake ci kuwa mai yawa ne. Babu wanda ke jin kunyar a gan shi yana tafiya. Marco Olmo, wani Ba'italiye mai tuƙa motar haƙa a wurin fasa dutse na kamfanin siminti, wanda bai fara gudu ba sai da ya haura shekara 25, ya ci wannan tsere a 2006, ya sake ci a 2007 yana da shekara 58. Samarin da ya isa ya haifa sun fi shi sauri nesa ba kusa ba. Shi dai takunsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, kuma ba ya ɓata lokaci a zango. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Bari mu koma kan hanya, dare ya yi. Bayan garin Les Contamines akwai wata 'yar majami'a a bakin daji, Notre-Dame de la Gorge, inda ake hura wuta 'yan kallo su kewaye ta. Daga nan hayaniya ta ƙare. Hanya ta miƙe sama a kan tsofaffin duwatsun da aka shimfiɗa tun zamanin dā, ta nufi mashigin Bonhomme. Wanda ya ɗaga kai zai ga fitilun goshi sun yi layi suna lanƙwasa har can inda ba a bambance su da taurari, in ya waiwaya ma haka. Ba mai magana. Sai ƙarar bakin sanda a kan dutse, da numfashi yana fita kamar hayaƙi. Gumin da ya jiƙa riga a cikin kwari yanzu ya zama ruwan sanyi a gadon baya. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska kan ragu da kimanin digiri shida, ga dare, ga iska mai kaɗawa a mashigi. Chamonix tana kan mita 1,035 ne, mashigin Seigne da ake shiga Italiya ta kansa ya haura mita 2,500. Mutumin da ya tashi cikin zafin bazara da 'yar singileti yana iya tarar da dusar ƙanƙara kafin asuba.

Saboda haka ne masu shirya tseren suka wajabta kayan da kowa zai goya, kuma suna bincikawa kafin tashi da kuma a kan hanya: rigar ruwa mai hula, rigar ɗumi, dogon wando, safar hannu, fitila biyu kowacce da batirin canji, usur, bandeji, waya, ruwa aƙalla lita ɗaya, abincin ajiya, da wani bargo na leda mai ƙyalli da ke tsare zafin jiki. Wanda aka kama babu ɗaya daga ciki, a ci shi tarar lokaci ko a fitar da shi. A shekarar da yanayi ya yi kyau, mutum zai yi kilomita 170 da waɗannan kaya a baya bai taɓa rabinsu ba, kuma akwai masu gunaguni cewa nauyin banza ne.

Ranar 22 ga Mayu, 2021, aka yi wani tseren kilomita 100 a duwatsun lardin Gansu na ƙasar Sin. Mutum 172 suka tashi da safe, da yawansu da gajeren wando da riga marar nauyi, domin ba a tilasta musu goya rigar kariya ba. Wajen tsakar rana, suna kan wani tudu mai nisa da taimako, yanayi ya juye: iska mai ƙarfi, ƙanƙara, ruwa mai sanyin gaske. Mutum 21 suka mutu, sanyi ya kashe su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka mutu ɗin. Da yawansu gwanaye ne, na gaba-gaba, har da Liang Jing, ɗaya daga cikin fitattun 'yan tseren nesa na ƙasar. Saurinsu ne ya kai su ƙololuwar tudun daidai lokacin da abin ya fi muni. Wani makiyayi da ya fake da tumakinsa kusa da wani kogo ya jawo mutum shida ciki, ya hura musu wuta, suka rayu. Da kowannensu na da rigar da nauyinta bai kai na kwalbar ruwa ba, da labarin ya sha bamban.

Sanyi irin wannan wayo gare shi. Yakan fara da karkarwa, sai yatsu su ƙi aiki har mutum ya kasa zuge jakarsa, sai tunani ya rikice, ya kasa gane cewa yana cikin haɗari. Shi ya sa gogaggu ke sa riga tun kafin su ji sanyi, a ƙasan tudu, lokacin da hannu ke iya ɗaura ta. Haka suke cin abinci kafin yunwa, su sha ruwa kafin ƙishi ya tsananta, kowane rabin awa ɗan wani abu.

Kun gane inda na dosa. Ƙarfinku na ƙuruciya shi ne zai kai ku wuraren da raunana ba sa zuwa, kuma a can ne babu mai ceto kusa. Ɗan abin da za ku ware daga riba ku ƙi taɓawa, sana'ar hannu da za ku koya ko da kuna da digiri, takardunku da za ku adana, zumuncin da za ku riƙe da kawu da gwaggo alhali ba ku neman komai a wurinsu yau, duk nauyi ne a lokacin da rana ke haske. Na fi jin tsoro a kan mai hazaƙa a cikinku fiye da mai rauni, domin mai rauni ya san yana bukatar guzuri.

Garin Courmayeur na Italiya shi ne kusan rabin hanya, wajen kilomita na 80. Kafin a shige shi akwai wata gangara mai tsanani, ana sauko da ɗaruruwan mitoci cikin 'yan kilomita, a kan ƙura da saiwoyi. Wanda bai sani ba yakan ɗauka hawa ne wahala, sauka kuwa hutu. A wajen sauka ne tsokar cinya ke aikin birki, tana miƙewa tana riƙe nauyin jiki a lokaci guda, kuma wannan ne ke yayyaga ƙananan zaruruwanta. Wanda ya saki jiki a gangarun farko, a na ƙarshe sai ya riƙa sauka da baya ko a karkace. Zagaye ne, ba a tsira da hawa kaɗai.

Zangon Courmayeur babban ɗakin wasanni ne. Kowa na karɓar buhun da ya aiko tun daga Chamonix, ya nemi benci. Ga taliya, ga romo mai gishiri, ga cuku da burodi. Wani ya cire takalmi, tafin ƙafarsa ya yi fari ya tattare saboda jiƙa, yana fasa bororo da allura, yana shafa mai, yana sa busasshiyar safa. Wani ya riƙe cokali ya ƙura wa kwano ido, ya kasa kai wa baki. Wani ya miƙe a ƙasa ya rufe fuska da hula, ya ce wa matarsa ta tashe shi bayan minti 20. Mutum ɗaya tak aka yarda ya taimaka wa kowane ɗan tsere, kuma a zanguna ƙalilan da aka ware. A waje kuwa motoci na jira. Akwai ramin mota da aka haƙa ta ƙarƙashin dutsen, mai tsawon kilomita 11.6, wanda aka buɗe a 1965. Duk wanda ya ce ya gaji, cikin ƙasa da awa guda an mayar da shi Chamonix, ga wanka ga gado. Wanda ya ce zai ci gaba, kilomita 90 ne ke jiransa, da mashigin Grand Col Ferret mai mita 2,537, wanda ya ɗara Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya, da kuma dare na biyu.

A dare na biyun nan ne rashin barci ke sa mutane ganin abin da babu shi: kututture ya zama mutum a tsugune, dutse ya zama gida. Tsofaffin hannu suna da wata shawara da suke ba sababbi, kuma ita nake so ku riƙe. In zuciya ta ce ka bari, kada ka amsa mata a kan hanya, kada ka amsa mata da yunwa, kada ka amsa mata cikin duhu. Ka kai zango, ka ci, ka sha abu mai ɗumi, ka ɗan runtsa, in da hali ka jira fitowar rana, sannan ka sake tambayar kanka. Sau da yawa abin da mutum ya ɗauka ƙarshen ƙarfinsa ne, ƙarshen abincin cikinsa ne kawai. Aure nawa ya mutu a kan maganar da aka faɗa da tsakar dare? Yaro nawa ya bar wurin maigidansa a ranar da aka yi masa faɗa, ya yi nadama bayan mako guda, girman kai ya hana shi komawa?

'Yan matan cikinku, ku saurara. Lizzy Hawker, 'yar Birtaniya mai binciken kimiyyar teku, ta shiga wannan tsere a 2005 ba wanda ya san ta, ta ci, kuma ta ci shi sau biyar gaba ɗaya. Courtney Dauwalter, Ba'amurkiya da ta taɓa zama malamar kimiyya a makaranta, ta ci a 2019 da 2021 da 2023. A 2021 in aka haɗa maza da mata ita ce ta bakwai, wato maza shida ne kawai suka riga ta cikin dubban da suka tashi. Idan tafiya ta yi nisa, juriya da iya lallaɓa jiki sukan rage tazarar da ƙarfin tsoka ke bayarwa. Kusa da mu ma, a tseren hawan Dutsen Kamaru da ake yi daga garin Buea tun 1973, Sarah Etonge, uwa mai 'ya'ya, ta ci sau bakwai har aka yi mata laƙabi da sarauniyar dutsen. Kada wani ya ce muku doguwar tafiya ta maza ce.

Akwai wata doka a UTMB da nake ƙauna: duk wanda ya tarar da ɗan'uwansa cikin haɗari, dole ya tsaya ya taimaka, in ya wuce a hukunta shi, ko da kuwa shi ne na gaba. Akwai kuma abin da ba na so, gara in faɗa. Tseren ya zama babbar kasuwa, musamman tun da masu shi suka haɗa gwiwa da kamfanin Ironman a 2021. Kafin mutum ya sami shiga sai ya biya ya yi wasu tseren ya tara maki, sannan a yi ƙuri'a, ga kuɗin jirgi da masauki da kaya. Talaka mai baiwa da wuya ya kai bakin layin. Don haka wanda ke sha'awar gudu a cikinku kada ya jira takalmin dubban nairori ko tikitin Turai. Ya fara da abin da ke ƙafarsa, da sanyin asuba, da tazarar da zai iya yi yana magana ba ya haki, ya ƙara kaɗan duk mako. Kilian Jornet, ɗan Sifaniya da ya ci tseren sau huɗu, na farko a 2008 yana ɗan shekara 20, a masaukin matafiya na kan duwatsun Pyrenees ya tashi, inda mahaifinsa ke aiki. Tun yana yaro yake hawa da sauka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kada kuma ku fahimce ni a kan cewa duk wanda ya tsaya ya gaza. Akwai ciwon gajiya, akwai ciwon da ke cewa wani abu ya lalace, kuma sanin bambancinsu wajibi ne. Fitsari ya koma baƙi-baƙi, ko mutum ya soma rikicewa, ko gwiwa ta kumbura ta ƙi ɗaukar nauyi, wannan ba wurin nuna jarumta ba ne. Likitocin wasanni suna gargaɗi ƙwarai a kan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen a doguwar tsere, domin ƙodar da ta riga ta wahala da rashin ruwa tana iya tsayawa. Tun daga farkon 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa. Na ambaci wannan ƙwaya da gangan, don na san akwai a cikinku masu haɗiyarta su yi aikin mutum biyu a gona ko wurin gini ko a kan babur. Ba ta ƙara muku ƙarfi ko kaɗan. Muryar da ke gaya muku cewa ƙarfin ya ƙare ita take toshewa, ku kuwa ku ci gaba da ci daga jikin da za ku bukata a shekara 50. Ina roƙonku, don Allah, ku bar ta.

Su kansu masu shirya tseren sun san tsayawa. A 2010 sun dakatar da shi 'yan awoyi bayan tashi saboda ruwa da zaizayar ƙasa a kan hanya, a 2012 kuma suka gajarta shi suka bar shi cikin Faransa kawai. Jornet ma a 2018, da ƙudan zuma ya harbe shi kafin tashi jikinsa ya ƙi, ya fita a tsakiyar hanya. Sai dai fita tana da ladabinta. Ba a sulalewa a kama hanyar gida. Sai an kai zango an shaida wa shugaban wurin, an soke lamba, domin in ba haka ba mutane za su fita nemanka cikin dare, su sa ransu a haɗari a kan wanda ke kwance a ɗakinsa. In za ku bar makaranta ko wurin koyon sana'a ko haɗin gwiwar kasuwanci, ku je ku zauna gaban wanda ya ɗauke ku, ku faɗa masa da bakinku, ku miƙa abin da ke hannunku, ku nemi gafara. Ƙofar da aka fita ta cikinta da sallama ana iya sake ƙwanƙwasa ta.

Jim Walmsley ya fi kowa gudu a irin wannan tsere a Amurka, ya kafa tarihi a can, amma Mont Blanc ta ƙi shi. Ya zo na biyar a 2017. Ya fita a 2018, ya sake fita a 2021. Da ya ga haka sai ya tattara ya koma wani ƙauye mai suna Arêches a duwatsun Faransa, kusa da François D'Haene, wanda ya ci tseren sau huɗu. Zakaran ƙasa guda ya koma ɗalibi: ya koyi tafiya da sanduna, ya koyi dogon hawa a hankali, ya saba da sanyi da dare. A 2022 ya ja gaba har cikin Suwizalan, ƙarfi ya yanke masa bayan zangon Champex-Lac, ya zo na huɗu. Bai koma gida ba, ya ƙara shekara, ya yi hunturu yana hawan dusar ƙanƙara. A 2023 Zach Miller ya wuce shi a rabi na biyu na hanyar, ya bar shi ya tafi, ya kula da cikinsa da ƙafafunsa. Bayan Champex-Lac, daidai inda ya karye a 2022, ya kamo Miller ya wuce. Ya shiga Chamonix cikin awa 19 da minti 37, Ba'amurke namiji na farko da ya ci tseren, Miller na biye da shi a matsayi na biyu.